Agwagi Huɗu na Mai Guga

Tun ranar da likita ya ce gwiwarsa ba za ta ƙara jure tsugunon wanki ba, tsohon mai guga ya san zamansa a gidan nan ya zo ƙarshe. Abin da ya rasa sani shi ne yadda zai yi da agwagi.

Su huɗu ne, farare, kuma asali ba nasa ba ne. Na matarsa ne, wadda ta rasu bara ta bar masa su tare da keken ɗinkinta da wani tabarau mai ƙafa ɗaya. Ita ce ta raɗa musu suna. Toron, mai tafiya a hankali yana duban mutane ta gefen ido, shi ne Alƙali. Manyan matan biyu, waɗanda ba sa rabuwa kuma ba sa shiri, su ne Yaya da Ƙanwa. Ƙaramar kuwa, da bokiti ya taɓa faɗo wa a ƙafa tun tana 'yar tsako, ana kiranta Ɗingishi. Shekara arba'in ya yi yana wanke kayan mutane a tsakar gidan, bai taɓa kula ko agwagwa ta ci ko ba ta ci ba. Amma tun da aka fita da mai ɗakin, su ne abin da yake fara dubawa idan gari ya waye, su ne kuma kaɗai yake yi wa magana kafin rana ta take.

'Yarsa ta fari ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune da mijinta a hawa na uku na wani dogon bene a ɗaya gefen gari. Uwata yake kiranta, saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Ita ta zo tana haɗa masa kaya a kwalaye, ita kuma ta fara taɓo maganar da yake ta kewayewa.

"Baba, ko kyanwa ba a yarda a ajiye ba a benenmu, balle agwagwa. A rubuce yake a bakin ƙofa."

"Ai ba su da surutu."

"Alƙalin ne ba shi da surutu? Jiya ina waya da maigidana, ya ji hucinsa, ya ce wane ne ba shi da lafiya a bayana."

"To ki sa su a banɗaki."

"Mu kuma mu yi wanka a ina, a tukunya?"

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Da ta ga haka sai ta ajiye kwalin da ke hannunta, ta zauna a bakin rijiya kusa da shi.

"Na san na Inna ne," ta ce a hankali. "Ni ma ba na son a yanka su. Amma ka faɗa mini inda za mu kai su. Ƙarshen wata za ka tashi."

Masu karɓa ba su yi wuya ba. Mahaucin da ke bakin layi ya ce a kawo su, shi ya san inda za su huta, kuma saboda wannan maganar tsohon ya yi kwana biyu bai amsa gaisuwarsa ba. Maƙwabciyarsu mai 'ya'ya shida ta rantse za ta riƙe su amana, amma yana kallon yadda idonta ke auna ƙirjin Alƙali tana rantsuwar. Ya yi mata godiya, ya rufe ƙofa.

Kwana biyar bayan zuwan 'yarsa ya hau motar haya zuwa lambun shaƙatawa da ke tsakiyar gari, inda ya taɓa kai yara suna ƙanana. Tafkin yana nan yadda ya bar shi, sai dai yanzu an ɗaure gefensa da siminti, an bar gangara guda ɗaya inda ake saukar da kwale-kwale. A tsakiya akwai ɗan tsibiri mai itatuwa uku. Fararen agwagi kusan ashirin suna yawo a kan ruwan, ba mai korarsu, ba mai auna ƙirjinsu. Ya zauna a kujerar ƙarfe yana kallonsu har inuwa ta gusa ta bar shi a rana.

"Baba, tun ɗazu kake ƙirga mana agwagi. In miya ce a ranka, ka haƙura, na hukuma ne."

Mai kula da lambun ne, wani magidanci mai furfura a gemu, da takalmin roba har gwiwa da manjagara a kafaɗa. Tsohon ya gyara masa wuri, suka gaisa, sa'an nan ya kwashe labarin duka ya faɗa masa, har da na mahauci. Mutumin ya saurara yana sosa ƙeya.

"Ka ga allon can? Ya ce an hana sakin dabba ko tsuntsu a tafki."

"Na gani. Shi ya sa na fara zuwa tambaya."

"To ni karatuna ba ya fara aiki sai ƙarfe takwas na safe. Kafin nan ko an nuna mini allo, itace kawai nake gani." Ya yi murmushi, sa'an nan ya rage murya. "Amma ka ji wani abu. Watan jiya wani ya zubar mana da guda biyar, duk caɓo, gashi a cukurkuɗe kamar tsumman goge ƙasa. Manaja na ganinsu ya ce a kwashe su, kada su sa wa namu cuta. Inda aka kai su, kada ka tambaye ni. In naka farare ne, masu tsabta, su shige cikin namu, wa zai tsaya ƙirga su?"

A cikin duk abin da mutumin ya faɗa, kalmar tsabta ce ta bi tsohon har gida. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi agwaginsa da idon sana'a, irin duban da yake yi wa riga kafin ya tsoma ta a ruwa. Cikinsu ya yi ja da ƙasar tsakar gida. Wuyan Yaya duk tabon dusa. Kuma a bayan kowace, daidai saman wutsiya, akwai wani wuri mai maiƙo da ya yi ruwan ɗorawa, kamar ƙeyar rigar makanike. Ya ji kunya ta kama shi. A ce agwagin mai guga ne za a gani a ce a kwashe saboda dauɗa, a gaban jama'a, a bakin tafkin gari.

Ana jibi zai tashi, da hantsi, ya fito da babban bahonsa wanda ya riga ya yi alkawarin bar wa maƙwabciya. Ya ɗora ruwa ya yi ɗumi, don ya san maiƙo ba ya jin ruwan sanyi. Ya zuba garin sabulu ya kaɗa da hannu har kumfa ta taso. Tun da ba ya iya tsugunawa, sai ya jawo kujera 'yar tsugunno ya miƙe ƙafar mai ciwo gefe guda. Da Alƙali ya fara. Toron ya yi huci, ya yi duka da fiffike, amma hannun da ya saba murɗe bargo jiƙaƙƙe ba toron agwagwa ne zai gagare shi ba. Ya bi gashin ɗaya bayan ɗaya, yadda yake bin aikin wuyan babbar riga, ba ya cuɗawa da ƙarfi don kada ya karye. Wurin maiƙon nan ne ya ba shi wahala. Sai da ya sa tsohon buroshin haƙori ya wanke shi sau uku kafin yatsansa ya daina santsi a kai. Ya ɗauraye da ruwa biyu, a na ƙarshen ya ɗiga 'yar bula kaɗan, yadda ake yi wa farin kaya don ya ƙara haske.

Haka ya yi wa sauran ukun. Ya tsane su da tawul, ya shimfiɗa tabarma a rana ya tsare su a kai har suka bushe. Da 'yar ta shigo da la'asar sai ta tsaya turus a bakin ƙofa.

"Baba, waɗannan na wane ne? Ina namu?"

"Su ne."

"To saura guga. In ɗora maka gawayi?"

A karon nan ya yi dariya, dariyar da ta daɗe ba ta ji ba. Sun yi fari tas, gashinsu ya tashi ya yi laushi kamar auduga. Ya lura duk wadda ya saki sai ta juya baki tana neman saman wutsiyarta, tana son ta sake shafa wa jikinta abin da ya sha wahalar cirewa. Don haka ya naɗe kowace da tsohon zane, ya bar kai kawai a waje, ya jera su a kwali kamar kayan da aka gama gogewa ana jiran mai su. Da safe ma, da ya ga wurin ya fara ɗan canza launi, sai da ya sake bin sa da tsumma mai sabulu.

Ƙarfe bakwai saura suka isa, 'yar tana tuƙa motar mijinta, da fararen kayan aikinta a jiki don daga nan asibiti za ta wuce. Mai kula da lambun ya buɗe musu ƙaramar ƙofa, ya ɗaga musu hannu, ya tafi can ɗaya ƙarshen yana sharar ganye, wai don kada ya ga abin da za a ce ya gani.

Tsohon ya kwance su a kan gangarar. Suka tsaya cirko-cirko suna kallon ruwan da bai yi kama da komai da suka sani ba. Alƙali ne ya fara sauka, a hankali, kamar mai shiga zauren shari'a. Yaya da Ƙanwa suka bi shi suna ture juna. Da ruwan ya ɗauke su sai suka miƙe wuya, suka tsoma kai, suka watsa ruwa a baya, suka nufi tsibirin inda sauran agwagin suke. Ɗingishi kaɗai ce ta tsaya inda ƙafarta ke taɓa siminti, tana shiga tana fitowa.

"Dubi Alƙali," in ji 'yar. "Ya samu ƙarin girma."

"Da uwarki ta ga wannan," ya ce, bai ƙarasa ba.

Shi ne ya fara lura da launinsu. Farin nan da ya sha wahala a kai ya fara komawa toka-toka daga ƙasa, yadda farar riga ke yi idan ta sha ruwa. Agwagin hukuma suna zaune a saman tafkin kamar an ɗora su, nasa kuwa ruwan ya kai musu rabin fiffike. Ya ce a ransa ko nauyi ne, don ya ciyar da su sosai kafin su fito. Sai ya ga bayan Yaya ya ɓace, saura wuya da kai.

"Wasa suke yi ko, Uwata? Nutso suke koya?"

Ta riga ta fara gudu tana kiran mai lambun.

Alƙali ya juyo. Bai nufo gangarar ba, ya nufi gefen da ya fi kusa da shi, inda siminti ya miƙe tsaye kusan kamu biyu a saman ruwa. Yana isa ya yi ƙoƙarin ɗagawa ya hau, amma fikafikansa sun yi nauyi kamar bargo a baho. Ya daki bangon da ƙirji, ya koma. Ya sake, ya koma. Tsohon ya bi gefen tafkin yana jan ƙafa, yana kiransa da suna, kuma tsakaninsu akwai shingen ƙarfe da furanni da aka shuka don kada yara su matsa kusa da ruwa.

Kwale-kwalen yana ɗaure da sarƙa da kwaɗo, makullin kuma yana ɗakin ajiyar kayan aiki. Kafin mai lambun ya ɗauko, ya kwance, ya tura, an ɗauki lokacin da bai fi na dafa shayi ba, amma ya isa. Ya dawo da Yaya da Ƙanwa a kwance a cikin jirgin, wuyansu a lanƙwashe. Alƙali kuwa ya zagaya wurin sau uku yana laluben ruwa da manjagara bai same shi ba. Ɗingishi ce kaɗai ta tsira. Ita ma ta ɗan matsa ciki ruwan ya fara janta, sai 'yar ta faɗa tafkin da takalminta da fararen kayanta har ƙugu ta cafko ta.

Mai lambun ya karɓi agwagwar tana karkarwa, jiƙe sharkaf har fata. Ya shafa bayanta, ya duba tafin hannunsa, sa'an nan ya kai ta hanci.

"Baba, da me ka wanke su?"

"Da garin sabulu. Mai kyau ne, ba ya cin kaya."

"Har nan wurin?" Ya taɓa saman wutsiyar.

"Nan ne ya fi dauɗa. Sau uku na bi shi."

Mutumin ya sauke numfashi, ya zauna a bakin jirgin.

"Ba dauɗa ba ce. Mai ne, daga jikinta yake fitowa. Shi take lakata da baki tana shafe gashinta kullum, shi ya sa ruwa ba ya kama ta. In babu shi, ita da tawul duk ɗaya ne a cikin ruwa."

Tsohon ya dubi hannuwansa. Sai a lokacin ya tuna, duk shekarun nan bai taɓa ganin mai ɗakin ta wanke agwagwa ba. Ruwa zalla take zuba musu a tsohuwar tasa can bayan ɗaki, nesa da inda yake zubar da kumfa, kuma bai taɓa tambayarta dalili ba, don a ganinsa harkar mata ce da tsuntsayensu.

"Laifina ne," in ji mai lambun. "Ni na ce maka masu tsabta."

"Ba kai ka riƙe sabulun ba."

'Yar ta dafa kafaɗarsa, ruwa na ɗiga daga rigarta. "Baba, ni ma na gani na yi dariya. Ni da na yi karatu."

"Ke jinyar mutane kika karanta," ya ce. "Je ki canza kaya, kada ki makara."

Suka haƙa rami a bayan ɗakin ajiya suka binne biyun. Bayan kwana biyu iska ta kawo Alƙali bakin gangara, mai lambun ya sa shi kusa da su, bai faɗa wa tsohon ba sai da ya tambaya.

Ɗingishi ba ta da inda za ta. Bene ba ya karɓarta, tafki kuma zai kashe ta sai man jikinta ya dawo, abin da mai lambun ya ce zai ɗauki mako uku ko fiye. Ya gyara mata wuri a ɗakin ajiyar, tsakanin injin yankan ciyawa da buhunan taki, ya ajiye mata tasa da ruwan da bai wuce ƙafarta ba. Tsohon ya tashi daga gidansa ranar da aka sa, aka ba shi ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bayan wani benen. Kowace safiya yakan sauko matakala hamsin da biyu yana dafa bango, ya hau mota biyu, ya iso da dusa a leda. Kwana huɗu na farko ba ta ci ba. Tana tsaye a lungu tana wani ƙaramin kuka, tana karkata kai wajen ƙofa duk lokacin da agwagin tafki suka yi motsi. A na biyar ta ci daga tafin hannunsa. Daga nan kuma ba ta cin na kowa sai nasa.

Yakan zauna a kan buhu yana kallonta tana juya baki bayanta, tana lakato man, tana bin gashinta ɗaya bayan ɗaya. Aikin da ya rushe cikin hantsi guda, ita tana gina shi kullum tun safe har yamma. Farin ya dushe, wurin nan ya koma ruwan ɗorawa, bai taɓa shi ba.

Ran nan mai lambun ya ɗebo ruwa a hannu ya yayyafa mata a baya. Ruwan ya dunƙule ƙanana-ƙanana ya gangare, bai bar alama ba.

"Ta yi," ya ce.

"A ƙara mata mako guda."

"Makon jiya ma haka ka ce, Baba. Manaja ya fara tambayar me ke wari a ɗakin nan, na ce masa takalmina ne. Ba zai daɗe yana yarda ba."

Suka kai ta gangarar da sassafe. Mai lambun ya riga ya kwance jirgi ya zauna a ciki, ko da wani abu zai faru. Ta daɗe tana shiga tana fitowa, sa'an nan ruwan ya ɗauke ta, ta zauna a samansa ɗas. Tsohon bai ɗauke ido daga layin da ruwa ya tsaya a jikinta ba. Ya ƙirga har ɗari, ya sake ƙirgawa, layin bai hau ba. Amma ba ta nufi tsibiri ba. Ta yi ɗan zagaye ta dawo gabansa, ta fito ta tsaya kusa da takalminsa tana kallon ledar.

Haka aka yi kwana uku. Yana zuwa tana bakin gangara, yana tafiya tana bin sa da ɗingishi har ƙaramar ƙofa. A rana ta huɗu mai lambun ya tare shi tun a waje, ya cire hula yana juya ta a hannu.

"Baba, zan faɗa maka magana, kada ka ji haushina. Muddin kana zuwa, ba za ta shiga cikin sauran ba. A bakin gangara take wuni tana jiranka, nan kuwa karnuka ke bi idan an rufe lambu. Jiya da ƙyar na kori wani. Waɗanda ke kwana a tsibiri ba abin da ke taɓa su. In yunwa ta kama ta, kuma ba ta gan ka ba, za ta bi su."

"Kwana nawa?"

"Ban sani ba. Wata guda, ko biyu. In ta sake ganinka da wuri, an koma farko."

Tsohon ya kai dubansa bakin gangara. Ta cikin shingen yana hango ta, ita kaɗai a kan simintin, ƙafa ɗaya a ɗage, ta juya kai wajen ƙofar da ya saba shigowa. Ba ta gan shi ba tukuna, don jikin mai lambun ya kare shi.

Ya miƙa wa mutumin ledar dusar.

"Ka watsa musu can kusa da tsibiri, inda za ta ga suna ci. Ba ta son a jiƙa shi da yawa."

"To, Baba."

"In ta bi su, ka aika wa 'yata a waya. In kuma wani abu ne daban, shi ma ka aika. Kada ka ɓoye mini."

Bai bi ta gaban shingen ba. Ya zagaya ta bayan ɗakin ajiya, hanyar da ta fi nisa kuma ba ta da inda mai ciwon gwiwa zai dafa, har ya fita titi. Motar farko da ta zo a cike take, ya tsaya jiran ta biyu.